Sharaɗin da Na Gindaya wa Arvid

Litinin, 20 ga Janairu

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata, Bernice,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Harlan da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya ƙugun naki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa aikin da aka yi miki shi ne na ƙarshe. Lemon da kika aiko mana ya iso lafiya, biyu kawai sanyi ya lalata a hanya. Maigida Lyle ya ce in gaya miki wai in da gaske kina ƙaunarmu, zafin ranar Arizona za ki cusa a kwali ki aiko, ba lemo ba. Mu nan Minnesota muna nan yadda kika bar mu. Jiya ma'aunin bakin taga ya nuna ashirin da biyu ƙasa da sifili, ƙanƙara kuma ta kai rabin akwatin wasiƙu. Gwaggo Inga ta cika casa'in da ɗaya, har yanzu tana faɗa da masu kawo mata abinci a kan gishiri. An gyara rufin coci, haka dai aka gaya mini, don ni rabona da shiga coci tun farkon Nuwamba.

Na san za ki ce me ya hana ni ɗaga waya. Gidan nan ƙarami ne, Yaya, kuma Lyle huhunsa ne ya lalace, kunnensa garau yake. Ko cokali na ajiye da ƙarfi sai ya tambayi wa ya ɓata mini rai. Abin da nake so in faɗa miki ba na so ya ji ina faɗa, shi ya sa na zauna a teburin kicin da biro yanzu da yake barcin rana.

Kin san halin da muke ciki. Shekara talatin da huɗu yana shaƙar ƙurar alkama a rumbun hatsin gari, yau ga shi ba ya iya zuwa banɗaki sai da tiyon iskar oksijin a hanci. Hunturun bara waccan da mura mai zazzaɓi ta kama shi, kwana goma sha tara muka yi a asibiti, kuma likita ya ja ni gefe ya ce mini a fili, irin wannan huhu ba lallai ya ɗauki ta biyu ba. Tun daga nan, da zarar sanyi ya shigo sai in rufe gida. An yi mana allurar rigakafi mu biyu, amma duk da haka kayan cefane a bakin ƙofa ake ajiye mana, jikoki ta waya muke ganinsu, Fasto ma daga kan matakala yake mana addu'a. Tiyon iskar Lyle ƙafa hamsin ne. Yana kaiwa kicin, yana kaiwa falo da ɗakin kwana, amma saura taku uku ya isa ƙofar gida yake ƙarewa. Wani lokaci in na gan shi tsaye a wurin yana leƙen titi, sai in ji kamar ni ma an saƙala mini nawa tiyon, sai dai nawa ba a gani. Ni ce mai gadi, kuma mai gadi ba ta zuwa ko'ina.

Mutum ɗaya ne tak nake bari ya shigo, Arvid Solheim. Kin tuna shi, mai gyaran tarakta, mijin marigayiya Doreen, wanda ya taka miki riga a wurin rawa ranar bikina. Shekara talatin da shida ke nan kowace Laraba ƙarfe biyu na rana shi da Lyle suna buga karta a teburin nan da nake rubutu a kai, da ɗan allonsu na katako mai ramuka da suke ƙirga maki. Ranar da aka binne Doreen Talata ce, Laraba ya zo. Ba su taɓa yin wata hira ta kirki ba iyakar sanina. Lyle ya kira shi tsohon ɓarawo, shi kuma ya kira Lyle ɗan maraƙi a turke saboda tiyon nan, su sha gahawa, su yi musu a kan maki biyu, ya tashi ya tafi. Sauran ranaku kuma yakan wuce da safe a tsohuwar a-kori-kurarsa, ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, Lyle ya ɗaga nasa daga taga. Iyakar zumuncin ke nan, amma in kika cire shi daga makon Lyle ban san me zai rage ba.

To, kin ji labarin faɗuwar da Arvid ya yi a kan ƙanƙara kafin Kirsimeti. Bayan nan 'yarsa Janelle ta ce ya isa haka, za ta zo ta ɗauke shi ya koma wurinta a Mesa, can kusa da ku. An tsayar da Asabar ɗin shekaranjiya ranar tafiya, an sayar da gidansa, sababbin masu shi kuma suna jiran mabuɗi. Kowa ya san tafiyar da ba dawowa ce. Arvid tamanin da biyu gare shi, Lyle kuma ko asibitin garin maƙwabta sai an yi shiri kamar za a yi ƙaura. Saura Laraba ɗaya ke nan ta rage musu a duniya, ta sha biyar ga wata. Sai ranar Juma'a goma ga wata mura ta kwantar da Arvid, irin ta bana mai zazzaɓi da ciwon jiki, wadda ta bi rabin 'yan coci.

Laraba ta zo ta wuce ba karta. Ƙarfe biyu saura kwata Lyle ya sa rigarsa mai gidan dara, ya zauna a kujerarsa, ya yi ta juya kofi har gahawar ta huce. Na ce masa ko in zauna mu buga, ya ce a'a, kada in damu, dama yau kansa na ɗan sarawa. Kin san mutanenmu, Yaya. A garin nan ba mai roƙon abu, ba kuma mai cewa a'a. Ana ba ka abu sai ka ƙi sau biyu kafin ka karɓa a na uku, in kuma kana mutuwar son abu sai ka ce ai ba komai, duk yadda ya fi muku sauƙi. Da Lyle ya buɗe baki ya ce yana son ganin abokinsa, da na samu wanda zan yi faɗa da shi, in huce. Amma ya bar ni da shirunsa, kuma shirun nan ya fi faɗa nauyi.

Ranar na kira ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shi na tambaye ta yaushe ne mutum zai iya zama da wanda ya tashi daga wannan mura. Ta ce aƙalla a bari mako guda ya cika daga ranar da ta fara, kuma a tabbata zazzaɓi ya sauka yini da kwana cur ba tare da an sha maganin da ke sauke shi ba, tari kuma ya ja baya. Ta ce ko a hakan a sa takunkumi, a ba da tazara. Sannan ta ƙara da cewa in da mijinta ne mai huhun Lyle, za ta ƙara wasu kwanaki a kai, don tsofaffi kan daɗe suna ɗauke da ita. Na ce mata babu wasu kwanakin da za a ƙara, Juma'a ce mako guda, Asabar da safe mota za ta tashi. Ta ce ba wanda zai iya ba ni tabbas, shawara tawa ce. Na gode mata, amma a raina na ce ai dama na san tawa ce, abin da ya sa na kira ke nan, ko wani zai karɓe ta daga hannuna.

Yanzu ga wurin da nake jin kunyar faɗa. Da yammacin Larabar Janelle ta kira, ta ce Baba ya warware, tun Litinin ba zazzaɓi, har ya ci miyar kazar da na ajiye musu a bakin ƙofa. Ba ta ce za su zo ba, ta dai yi ta zagaye tana cewa ba sa so su takura wa kowa. Ni kuwa na san abin da ita ba ta lura da shi ba, don kafin Doreen ta rasu ni ta bar wa amanar magungunansa. Arvid na shan ƙwayar ciwon gwiwa biyu da safe, biyu da rana, biyu da yamma, shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma ƙwayar nan ita ce dai mai sauke zazzaɓi. Sai na ce wa Janelle, cikin murya mai daɗi kamar ina ba ta girke-girke, ai ma'aikaciyar jinya ta ce sai an yi yini da kwana ba ƙwaya ko ɗaya sannan a san gaskiyar zazzaɓin, in ya yi hakan kuwa, ƙofarmu a buɗe take ranar Juma'a. Yaya, Allah Ya gani, na faɗi haka ne don na tabbata ba zai iya ba. Mutumin da in ya makara da ƙwayar safe da awa ɗaya ba ya iya sa safa da kansa. Na ɗauka na samu hanyar rufe ƙofa ba tare da na ce a'a ba, gwiwarsa ta ce a'a a madadina. Na ajiye waya har ina jin daɗin wayona.

Ranar Alhamis a-kori-kura ba ta wuce ba. Na ce shi ke nan, magana ta mutu. Na dama wa Lyle kunun alkama, na wanke abin da ba ya buƙatar wanki, na yi ta kauce wa idonsa.

Juma'a ƙarfe biyu saura minti goma sai ga motar Janelle ta tsaya a ƙofar gida. Ina kallo ta labule. Ta zagayo za ta kama shi ya ture hannunta. Daga mota zuwa matakalarmu bai fi taku ashirin ba, amma sai da ya yi minti goma, na duba agogon murhu. Sanda a hannu ɗaya, kwanon gilashina na miya a ɗaya hammatar, takunkumi a fuska, hular nan tasa mai kunnuwa. Kowace matakala sai ya ɗora ƙafa ɗaya, ya tsaya, ya rufe ido, sannan ya jawo ɗayar. Matakala biyar ne. Da ya iso bai ƙwanƙwasa ba. Ya jingina sandar, ya zaro wata takarda daga aljihu, ya manna ta a jikin gilashin ƙofa da tafin hannunsa. Bayan kalandar kamfanin iri ce. Ya ja layi da fensir, ya rubuta lokaci a hagu, zafin jiki a dama, duk bayan awa biyu, tun daga ƙarfe bakwai na safiyar Alhamis. Casa'in da takwas da ɗigo huɗu, casa'in da takwas da ɗigo shida, duk zafin jikin mai lafiya, haka har ƙasa, awa talatin. Rubutun farko a miƙe yake irin na mai auna ƙarfe. Na ƙasa-ƙasa duk ya karkace, da ƙyar ake karantawa. A can ƙarshe ya rubuta, ƙwaya: babu.

Ta cikin gilashi ya ce mini wai wucewa kawai yake yi, ya ga bai kamata ya bar gari da kwanon mutane ba. Ya ce in yi haƙuri, an kwashe kicin ɗinsa kaf, bai samu abin da zai zuba a ciki ba, kuma Doreen za ta tashi daga kabari in ya mayar da kwano ba komai, shi ya sa ya sa abin da ya samu. Na duba, allon karta ne a ciki, da kartar da roba ta ɗaure. Ya ce in ajiye wa ɗan maraƙin, shi zai koma, ba ya so ya takura. Na waiga. Lyle na tsaye a daidai inda tiyonsa ke ƙarewa, ya ja shi har ya miƙe kamar igiyar shanya, taku uku tsakaninsa da ƙofa. Bai dube ni ba. Ya ce, Verna, duk yadda kika gani.

Na tsaya da hannuna a kan mariƙin ƙofa ban san iya lokacin ba. Ta gabana tsoho na rawar sanyi a kan gwiwoyin da ni na hana wa magani, ta bayana kuma mijina da kwana goma sha taran nan da ban manta ko ɗaya ba. Na ji haushin su biyun, wallahi, na ji haushin Doreen da ta mutu ta bar ni da su, na fi jin haushin kaina. Ni na kafa sharaɗi, ya cika shi har da ƙari. Ba ni da sauran wurin ɓuya. In zan ce a'a sai dai in faɗe ta da bakina a gaban takardar nan, kuma bakina ya kasa. Na buɗe ƙofa, na ce masa ya shigo kafin ya kashe mana ɗumin gida.

Na buɗe teburin cin abinci har ƙarshensa kamar ranar Kirsimeti, na zaunar da ɗaya a wannan kai, ɗaya a wancan. Na ɗaga tagar kicin kaɗan duk da sanyin, na lulluɓe Lyle da bargo biyu, na sa masa takunkumi a kan tiyon. Na ce awa ɗaya, ba ƙari. Tazarar ta yi yawa har sai da na zama 'yar aike, ina kai karta ina kawowa, ina shafa musu maganin wanke hannu kamar masu shirin tiyata. Arvid ya ce bai taɓa ganin gidan cacar da ma'aikaciyarsa ke harara haka ba. Lyle ya ce ya yi shiru ya raba, tsohon ɓarawo, takunkumin nan ma ya taimake shi, yau ba a ganin bakinsa na motsi in yana ƙirgen ƙarya. Arvid ya ce shekara talatin da shida yana koya wa mutum ɗaya lissafi, har yau ƙirga maki goma sha biyar na ba shi wahala. Na kawo wa Arvid ƙwayarsa da ruwa, ya ce a'a. Na sake kawowa, ya ce yarjejeniya yarjejeniya ce, ba zai sha ba sai ya fita daga gidan nan. A na uku na dangwarar da kofin a gabansa na ce in bai sha ba zan ɗura masa kamar ɗan rago, sannan ya ɗaga takunkumi ya haɗiye.

Ya yi tari sau uku, duk a cikin gwiwar hannunsa, yana juya baya. Na ƙirga. Awa ɗaya ta wuce ban tashe su ba, ta biyu ma haka. Janelle na falo tana kallon bango tana share ido. Ba wanda ya ambaci Arizona, ba wanda ya ambaci Asabar. Lyle ya yi dariyar da rabon da in ji ta tun kaka, har sai da na ƙara masa iska. Wasan ƙarshe Arvid ya ci da maki ɗaya, Lyle ya rantse an yi masa maguɗi, ya ce sai sun rama. Arvid ya ce to, sai Laraba. Lyle ya ce sai Laraba. Haka suka rabu, ko hannu ba su yi ba saboda na hana. Da safiyar Asabar motar ta bi ta gabanmu a hankali, na ga yatsa ɗaya ya ɗago a jikin gilashi. Lyle ya ɗaga nasa, ya daɗe bai sauke ba bayan sun sha kwana.

Yanzu ga ni ina ƙirga kwanaki kuma. Ma'aikaciyar jinya ta ce in ya ɗauka, tsakanin kwana ɗaya zuwa huɗu za a gani. Yau kwana uku. Ina taɓa goshinsa ina cewa gashi nake gyara masa, ina auna shi safe da rana da yamma, har na samu kaina ina rubutawa a bayan kalanda, lokaci a hagu, zafi a dama. Har zuwa tsakar ranar yau ba zazzaɓi. Amma da safen nan ya yi wani tari da na ji kamar ba irin wanda na sani ba. Ya ga yadda na daskare da buta a hannu, ya ce in kwantar da hankali, tsohon tarinsa ne, shekara goma sha biyu suna tare, ya kamata a ce na gane muryarsa. Sai ya kira sunana yadda bai saba ba. Ya ce ko da sabo ne, ko da ya kai mu asibiti, ko da abin da ya fi haka, ba ya so Arvid ya taɓa sani. Ya ce mutumin ya hau matakala biyar ba magani don ya zo da tsabta, ba za a bar shi ya ƙarasa kwanakinsa a garin da bai san kowa ba yana tunanin shi ya kawo. Ya ce in yi masa alkawari. Yaya, shekara hamsin da ɗaya muna tare, wannan ne karo na farko da Lyle ya roƙe ni abu kai tsaye, ba duk yadda kika gani. Na yi masa.

Dalilin wannan takarda ke nan. Na san ku da Yaya Harlan kun shirya zuwa Mesa ku yi wa Arvid barka da zuwa, kuma na san abin da zai fara tambayarki kafin ma ki zauna. Duk abin da kika ji daga gare ni tsakanin yau da ranar, ko mai daɗi ko akasin haka, ki ce masa ɗan maraƙi na nan lafiya lau, yana cewa a dawo masa da makinsa ɗaya. Ki gaya wa Yaya Harlan ma, don shi bakinsa ba ya riƙe komai. Ni ma haka nake yi. Tun da suka kama hanya kullum ƙarfe biyar Arvid ke kira daga inda suka sauka, ba ya neman Lyle, ni yake tambaya, yaya ƙirjin mutumin. Ina cewa lafiya lau. Jiya gaskiya na faɗa. Yau ban sani ba. Gobe ma abin da zan faɗa ke nan.

Ki gaishe mini da Yaya Harlan, da ɗanku Curtis da matarsa Noelle, da 'yan biyunsu, ki ce Kaka Verna na nan tana saƙa musu huluna ko da ba za su taɓa buƙatarsu ba a wannan zafi naku. Gwaggo Inga na gaishe ki, ta ce ba kya rubuto mata. Ki sa mu a addu'a, musamman daren Talata. Zan tsaya nan, na ji ya farka yana tari, kuma biyar saura kwata.

Taki ƙanwa har kullum,
Verna